Rahotanni Huɗu na Manaja Mijinyawa

Duk mai bin hanyar Akwanga daga cikin Keffi ya san ɗakin sanyin Alhaji Zulkifilu, wannan mai shuɗin fenti da matan kasuwa ke ajiye kifi da kaji a ciki. Wanda bai san shi ba kuwa, ranar Litinin ɗin da zan ba ku labari hancinsa ya nuna masa hanya.

Mijinyawa ke riƙe da wurin a lokacin. Riƙe na ce, ban ce manaja ba, don Alhaji cewa ya yi a gwada shi wata uku a gani. Da can aikinsa rubuta suna a jikin kwali. Tsohon manajan ya koma Lafiya, Alhaji ya duba hagu ya duba dama bai ga kowa ba, ya miƙa masa makullai ya ce, "Riƙe. In ka yi abin kirki na bar maka su." Tun ranar Mijinyawa ya rataya su a ƙugu, ya koyi wata irin tafiya mai sa su kacau-kacau, yadda tun daga bakin titi za a san mai gida ya iso. Saura 'yan kwanaki wata ukun su cika, kuma babu abin da yake so a duniya kamar a bar masa makullan nan.

Ana haka aka gayyaci Alhaji wani taron bita na kwana biyu a Abuja, kan yadda ake sanar da mutane idan matsala ta auku a wurin aiki. Alhaji ba mai zama ya zuba wa allo ido ba ne, sai ya tura Mijinyawa don kada kujerar ta tafi a banza. Ranar farko gogan ya ƙarar da ita wajen ɗaukar hoto a ƙofar otal da neman inda ake raba shayi. Rana ta biyu gyangyaɗi ya kwashe shi daidai lokacin da malamar ke cewa gaskiyar magana ɗaya ce, tsawonta da kalmominta ne kaɗai ke sauyawa gwargwadon mai sauraro. Ya farka a kan jimlar ƙarshe: kowa da irin rahoton da ya dace da shi. Ita ya rubuta, ya ja mata layi biyu, ya karɓi satifiket ya kamo hanyar Keffi.

Ranar Asabar da yamma ya shigo ofis da satifiket ɗin a cikin firam mai gilashi, girmansa kamar tagar ɗaki. Ya kira Baba Gamaliyel mai gadi, wani tsohon soja da ya fi ginin daɗewa a wurin, ya ce ya riƙe masa kujera. Bango huɗu ne a ofishin, amma Mijinyawa ya zaɓi wanda ke kallon ƙofa, inda akwatin babban makunnin injin sanyi yake a lume cikin bango.

"Wannan mummunan akwatin ya daɗe yana ɓata min ofis," in ji shi. "Yau ilimi zai rufe shi."

"Oga, akwai waya a cikin bangon nan. Kada ƙusa ta same ta."

"Ka ɗauka ban sani ba?"

Bai sani ba. Amma jin haka ya miƙa hannu ya ja makunnin ƙasa, injin da ke gurnani a bayan gini ya yi tsit. Ya buga ƙusa, ya rataya firam ɗin ya rufe akwatin ruf, ya sauko ya tsaya a gabansa yana ɗaukar kansa hoto ta dama da ta hagu. Baba ya buɗe baki zai yi magana, sai Mijinyawa ya ɗaga masa hannu.

"Sabuwar doka, Baba. Daga yau babu mai yi wa Alhaji magana, babu mai yi wa kwastoma magana, sai ni. Kai ma in kana da ta cewa, ka jira a tambaye ka. Haka ake yi a manyan wurare."

Ya kulle ofis ya tafi, kacau-kacau. Tsohon soja kuwa in an ce doka, to doka ce.

Lahadi ba a buɗe wurin. Litinin da safe Mijinyawa ya iso ya tarar da ruwa na tsiyayowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin sanyi. Ya buɗe, ya shiga, ya taɓa kwalin sama ya ji ya yi laushi. Ya zura hannu can tsakiya ya ji kifin na nan da tauri kamar dutse. Wato a wannan sa'a, da a ce ya tsaya ya yi tunanin minti ɗaya, da an tsira da kusan komai. Amma ku ji abin da mutumin nan ya ce.

"Alhamdu lillahi. Matsala!"

Wallahi murna ya yi. Ga dama ta zo har gida, kwana huɗu kafin hukunci, da zai nuna wa Alhaji abin da ya koyo. Ya ja ƙofa ya kulle, ya shiga ofis ya zauna ƙarƙashin satifiket, ya buɗe sabon littafi ya raba shafi gida huɗu. Ya rubuta: Manya. Masana. Kwastomomi. Abokan hamayya.

Baba Gamaliyel ya leƙo. "Oga, tun Asabar injin nan bai yi ƙara ba. Tun lokacin da ka..."

"Tsaya." Mijinyawa ya juyo masa da littafin. "Duba nan. Gida nawa ka gani?"

"Huɗu."

"Akwai na mai gadi?"

"Babu."

"To ka ga ba ka cikin tsarin. Koma bakin ƙofa."

Ya fara da Manya. Manya ba sa son dogon zance, ba sa son tashin hankali. Ya gyara murya, ya danna waya ya aika wa Alhaji saƙon murya: "Ranka ya daɗe, rahoton ƙarfe takwas. Komai lafiya lau. Ɗakin sanyi yana cikin wani yanayi na musamman da bai taɓa shiga ba. Rahoto na gaba nan da rabin awa."

Sai Masana. Ya kira Rasaki mai gyaran firji, wanda a lokacin yana Jigwada yana kwance wata tsohuwar firiza, tafiyar minti goma a babur. Su masana, a ganin Mijinyawa, dole a yi musu magana da manyan kalmomi, in ba haka ba su raina ka.

"Injiniya, ka saurara da kyau. Kwamfiresa ta ƙone ƙurmus. Gas ya tsere. Akwai alamun matsala a ɓangaren kafasita."

"Oga, sannu. Ka duba makunni?"

"Me ka ce?"

"Makunni. Wani lokaci faɗuwa yake yi."

"Rasaki, daga Abuja na dawo. Kwana biyu ina gaban masana. Ni za ka tambaya makunni? Ga fanka nan tana juyawa a kaina."

"Ai layin fanka daban ne, Oga. Bari in zo in gani da idona."

"Kada ka ɓata lokaci, na gama bincike. Har warin ƙuna na ji."

"Ka ji wari?"

"Da hancina."

"To in ta ƙone, irin wannan babu ita a Keffi. Sai cikin Abuja."

"Wuce kai tsaye. Zan riƙa aiko maka da bayani."

Haka mutum ɗaya tak da zai iya gano abin cikin minti biyu ya ajiye sukudireba ya hau mota, ya nufi gosulon Mararaba da safiyar Litinin.

Kafin ya aje waya Kwastomomi sun iso da ƙafarsu. Mata goma sha wani abu, da bahuna da barori, sun zo ɗaukar kayan da za su kasa a kasuwa. A gabansu Folake, wadda kowa ke kira Mama Tolu, shugabar masu kifi, mace mai muryar da ba ta buƙatar lasifika.

"Oga Manaja, buɗe mana. Rana na yi."

Kwastoma, bisa ga littafin, abin da yake buƙata shi ne kwanciyar hankali. Mijinyawa ya tsaya a gaban ƙofar ya buɗe hannuwa yana murmushi.

"Iyayena, albishirinku. Yau ake ƙara wa ɗakin nan ƙarfin sanyi. Sabon tsari ne daga Abuja. Kifin da ke yin wata ɗaya, yanzu sai ya yi shida. Amma yayin da ake aikin ba a shiga, don sanyin da ke ciki yanzu in mutum ya sa hannu sai yatsunsa su karye."

"To wannan ruwan da ke bin ƙafata fa?"

"Tsohon sanyin ne ke fita. Ai dole ya ba sabo wuri."

Mama Tolu ta dube shi, ta dubi ruwan. "Tsohon sanyi."

"Shi ne."

"Me za mu sayar yau? Murmushinka?"

"Ku yi haƙuri zuwa la'asar. Zan riƙa turo muku rahoto a wasap kowane rabin awa."

Suka tafi suna gunaguni, amma da yawa a cikinsu maganar wata shidan nan ta zauna musu a rai.

Na huɗu shi ma da kansa ya zo. Chibuzor mai ƙanƙara, wanda shagonsa ke tsallaken titi, ya ga ruwan ya gane. Mutumin kirki ne, ya tsallako ya rage murya don kada kowa ya ji.

"Maƙwabci, injinku ya tsaya ko? Ina da firiza uku babu komai a ciki, ga ƙanƙara cike da ɗaki. Kawo kayan matan nan mu zuba kafin a gyara."

Mijinyawa ya saci kallon littafinsa. Abokan hamayya: kada su ga rauninka.

"Wa ya ce maka ya tsaya? Wanke ɗaki muke yi. Sanyi ma ya yi mana yawa, har ina tunanin sayar maka da ragowar."

"Ka tabbata?"

"Je ka kula da ƙanƙararka, Chibuzor."

Chibuzor ya ɗaga kafaɗa ya koma. Kafin azahar wasu masu biki daga Panda suka zo da mota suka kwashe ƙanƙarar kaf.

To ga inda tsarin ya fara cin mai shi. Ya yi alkawarin rahoto kowane rabin awa, gida uku ke jira, kuma ba ya yiwuwa masani kamarsa ya maimaita magana ɗaya. Dole kowane rahoto ya fi na baya. Wajen Alhaji, ƙarfe tara sanyi ya ƙaru, tara da rabi ya ninka, ƙarfe goma Mijinyawa ya ce babu ɗakin sanyi irinsa daga nan har Akwanga. Wajen Rasaki, bayan kwamfiresa fankar injin ta ƙone, sai wayoyi, sai wani abu da Mijinyawa ya ƙirƙiro sunansa a take, wanda Rasaki ya yi ta yawo shago-shago yana tambaya ana kallonsa kamar mahaukaci. Wajen mata kuwa aikin ya kai kwata, ya kai rabi, ƙanƙara ta fara fitowa a jikin silin. Yana zaune yana zufa yana tsara ƙarya gida-gida, makunnin na bayan ƙeyarsa, tsakaninsu bai kai kamu biyu ba.

Baba Gamaliyel ya sake leƙowa wajen sha ɗaya. "Oga, minti ɗaya. In ka ɗaga wannan..."

"Baba, ina tsakiyar rahoto!"

Sha ɗaya da rabi ya dawo. "Oga, don Allah."

"In ka ƙara shigowa ofishin nan ba a kira ka ba, zan sa sunanka a rahoton Manya."

Tsohon ya tsaya ya ƙare masa kallo. Ya ƙame ya sara masa irin ta soja, ya juya ya ja bencinsa ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya kwance ƙullin gyaɗa ya fara ɓarewa a hankali, kamar wanda ya sami wuri mai kyau a gidan kallo.

Da azahar ƙaryar ta fara haihuwa. Wata farar mota ta tsaya, Mama Tolu ta sauko tana fara'a. Kajin da aka yanka mata da safe a wata gona a Gitata ne cike da bayan motar. Da wajen Chibuzor za ta kai su, amma tun da ta ji rahoton ƙanƙara a silin ta ce wa direba ya juyo.

"Oga Manaja, ni ce ta farko a sabon sanyi. Buɗe a zuba."

Mutum mai hankali a nan zai ce, Mama, tsaya in gaya miki gaskiya. Mijinyawa cewa ya yi, "Kin yi dabara. Amma ni kaɗai zan shiga, ni aka horar."

Ya shiga ofis ya fito sanye da rigar sanyi mai kauri, da hular sanyi, da safar hannu, a tsakiyar zafin watan Maris da ko ƙadangare ya nemi inuwa. Ya riƙa buɗe ƙofar kaɗan, ya sulala da kwali, ya fito yana karkarwa yana haɗa haƙora.

"Wayyo sanyi! Kai, wannan sanyi!"

"Oga," in ji direban, "zufa ce fa ke zuba a haɓarka."

"Ƙanƙara ce ke narkewa."

Sawu talatin ya yi. A sawu na ƙarshe jiri ya ɗebe shi sai da ya dafa bango, ciki kuwa ɗumi kamar ɗakin mai jego. Ya kulle ya koma ofis ya kwanta a kan tebur, bai ma samu cire hular ba waya ta yi ƙara. Alhaji ne.

"Mijinyawa, Allah ya yi maka albarka. Tun safe nake sauraron rahotanninka, raina fari tas. Ka san Hajiya Madina mai dafa abincin manyan bukukuwa a Abuja? Shekara guda ina lallashinta ta riƙa ajiya a wurinmu. Na kunna mata saƙonka na ƙarfe goma, ta ce yau za ta gani da idonta. Muna hanya, da la'asar muna nan. In ta yaba, makullai sun zama naka, ba sai Juma'a ba."

"Ranka ya daɗe... yau?"

"Akwai matsala ne?"

Ƙofa ce Allah ya buɗe masa ta ƙarshe. Ya dubi littafin. Manya ba sa son tashin hankali.

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe."

Ya kira Rasaki. Rasaki ya ce ya samo kwamfiresa, ya haƙura da ɗaya abin da babu wanda ya taɓa jin sunansa, amma tirela ta faɗi a Masaka, awa guda ke nan motarsu ba ta motsa ba.

Wajen ƙarfe uku wasu masu sauraro da ba su cikin littafi suka fara isowa. Ƙudaje ne suka fara, manya masu koren baya, suka yi layi a bakin ƙofa. Sai kuliyoyin unguwa, guda bakwai, suka zauna a jere suna kallon ƙofar kamar masu jiran a kira suna. Sai ungulu biyu suka sauka a kan kwano. Mai shayin gefe ya ɗauke teburinsa ya matsa gaba. Mijinyawa ya sayo turaren wuta ya kunna a kusurwa huɗu, ya fesa turaren ɗaki gwangwani biyu, abin ya haɗu ya ba da wani sabon wari da babu sunansa a Hausa.

Mata suka dawo tun kafin la'asar, kowace da gefen zane a hanci.

"Mijinyawa," in ji Mama Tolu. Yau babu Oga, babu Manaja. "Menene wannan?"

"Kwata ce. Na riga na kai ƙorafi."

"Kuliyoyin fa?"

"Iska mai sanyi suke sha ta ƙarƙashin ƙofa."

"Ungulun ma sanyi suka zo sha?"

Bai kai ga amsa ba baƙar motar Alhaji ta shigo. Alhaji ya fito da babbar riga yana washe baki, ya zagaya ya buɗe wa Hajiya Madina ƙofa da kansa. Ta sako ƙafa ɗaya, iskar ta daki fuskarta, ta mayar da ƙafar ta ja gyale ta toshe hanci. A daidai lokacin ɗan acaba ya sauke Rasaki, ya yi baƙi da hayaƙin hanya, rungume da kwamfiresa kamar jariri. Chibuzor ma ya tsallako, da mai shayi, da masu facin taya, da duk wanda ke da ƙafa a wannan layi.

"Mijinyawa, warin me nake ji?" in ji Alhaji.

Gogan ya dubi Alhaji, ya dubi mata, ya dubi Rasaki, ya dubi Chibuzor. Gida huɗu sun taru a tsakar gida ɗaya, abin da ba a koya masa ba ke nan.

"Ranka ya daɗe, in za a ba ni dama in gana da kowane ɓangare daban..."

"Alhaji, sannu da zuwa," in ji Rasaki. "Ga kwamfiresar. Allah ya sa wutar ba ta ci ginin ba."

"Wace wuta?"

"Wadda ta ƙone injin."

"Injin ya ƙone?" Mama Tolu ta dafe ƙirji. "Ba sabon sanyi ake sawa ba?"

"Ni wanke ɗaki aka ce min," in ji Chibuzor. "Na ce a kawo kayan wurina tun safe, aka kore ni."

"Kai ka ce a kawo? Tun safe?" Muryar Mama Tolu ta tashi, ungulu ɗaya ta bar kwanon. Ta zaro waya ta ɗaga sama ta danna. Muryar Mijinyawa ta fito tana sanar da ƙanƙara a silin. Rasaki ya danna tasa, muryar nan dai ta fito tana lissafa abin da ya ƙone. Alhaji ma ya danna tasa: babu ɗakin sanyi irinsa daga nan har Akwanga. Mijinyawa uku suna magana a lokaci ɗaya, kowanne na ƙaryata ɗan'uwansa, na huɗun yana tsaye a tsakiya da hular sanyi a ka. Masu faci har da riƙe ciki.

"Buɗe," in ji Alhaji.

Makullan suka yi ƙara a hannunsa, wannan karon ba da gangan ba. Ƙofa ta buɗe. Ba zan kwatanta muku abin da ya fito ba, wataƙila wani yana cin abinci. Taron dai ya ja da baya taku goma a tare, kuliyoyi kaɗai suka matso. Hajiya Madina ta ɗaga gilashin mota, ta yi wa direba magana, motar ta ja baya ta hau titi, ta bar Alhaji mai motar tsaye a ƙasa. Mama Tolu ta shiga ta fito da kaza ɗaya a hannu ta yi kore, ta tsaya tana kallonta, idonta ya kawo ruwa. Nan dariyar ta tsaya, don kowa ya san jarin matan nan ke kwance a ɗakin.

Rasaki ya zagaya bayan gini, bai yi minti biyu ba ya dawo yana share hannu. "Alhaji, babu abin da ya ƙone. Injin nan lafiyarsa ƙalau. Wuta ce kawai ba ta zuwa masa. Ina babban makunni?"

Alhaji ya waiwaya ya hango tsohon da ke ƙarƙashin mangwaro, ɓawon gyaɗa ya taru a gabansa.

"Baba Gamaliyel, kai kana nan duk aka yi wannan?"

Tsohon ya miƙe ya karkaɗe wando. "An tambaye ni ke nan, ranka ya daɗe?"

"Na tambaye ka."

"An kashe makunni ranar Asabar za a buga ƙusa. Ba a mayar ba. Yana bayan takardar Oga."

Shi ke nan rahotonsa. Ya wuce ofis, taro na biye da shi, ya ɗaga firam ɗin ya miƙa wa Mijinyawa ya ce, "Riƙe iliminka," ya tura makunnin sama da yatsa ɗaya. Injin ya yi tari sau biyu ya kama gurnani, sanyi mai kyau ya fara sauka a kan ruɓaɓɓen kifi.

"Ranka ya daɗe," in ji Mijinyawa, firam a ƙirji, "in aka duba ta fuskar sadarwa, rahotanni ba su taɓa makara ba. Kowane rabin awa..."

Alhaji ya miƙa hannu. Bai ɗaga murya ba. Mijinyawa ya kwance makullan daga ƙugu, yatsunsa suka ƙi sakinsu sai da Alhaji ya ɗan ja. Alhaji ya juya ya ba Baba Gamaliyel, sannan ya ce wa matan su same shi gida gobe da safe, asararsu a wuyansa take.

"Shi kuma fa?" in ji Mama Tolu.

"Shi zai kwashe. Baro-baro, har bola."

"Alhaji, ina da roƙo ɗaya." Ta goge ido da bakin zane. "Daga nan zuwa bola mutane za su tambaye shi me ya faru. Ni zan bi shi a baya. Duk wanda ya tambaya, babba ko yaro, mai kuɗi ko mai faci, magana ɗaya zai faɗa. In ya ƙara ko ya rage, mu dawo a fara daga farko."

Haka kuwa aka yi. Sawu goma sha tara tsakanin ɗakin sanyi da bola, ƙudaje na rakiya, Mama Tolu na biye da hannu a ƙugu. Mutanen Keffi kuwa ba su da tausayi a irin wannan, wanda ya sani ma sai ya tsaya ya tambaya. A sawu na uku wani mai babbar mota ya rage gudu ya leƙo, da gani babban ma'aikaci ne, ya ce, "Manaja, lafiya?"

Tsohuwar ɗabi'a ta motsa. Mijinyawa ya aje baro ya gyara murya. "Yallaɓai, a taƙaice, wani yanayi ne na musamman..."

"Juya," in ji Mama Tolu.

Ya juya da baron cike, ya koma bakin ɗakin sanyi, ya sake tahowa. Mai motar na nan yana jira, don shi ma ɗan gari ne.

"Manaja, na ce lafiya?"

Mijinyawa ya shafa ƙugunsa inda makullai suke da, bai ji komai ba. Ya sunkuyar da kai.

"Na kashe makunni. Kifi ya ruɓe."